Karen da Ba Shi da Ubangida: Wa Zai Riƙe Shi a Kankiya da Kusada?

Duk mai bin titin Kano zuwa Katsina da sassafe, daga Gidan Mutum Ɗaya har ya shige Kankiya, ba zai rasa ganin karnuka ba. Wani na tonon juji a bayan masu shayi, wani ya raɓe nesa da teburin mahauci yana jiran a jefar da abin da ba a so. In ka matsa kusa za ka iya ƙirga haƙarƙarinsa. Ƙudaje sun cinye bakin kunnuwansa har sun zama gyambo, kaska ta cika tsakanin yatsunsa, gashin bayansa ya zube saboda ƙazuwa. Kana ɗaga hannu, ko da hula za ka gyara, sai ya zabura ya matse wutsiya, domin abin da ya sani game da hannun mutum shi ne jifa. Ka tambayi na kusa, "Malam, wannan karen na wane ne?" Amsar da za ka fi ji ita ce, "Oho, na gari ne."

Karen gari ba wanda zai ba shi abinci, ba wanda zai kai shi allura, kuma ranar da ya ciji yaro ba wanda za a riƙe. Shi yana wahala, mu ma muna cikin haɗari. Abin da nake so mu duba shi ne ko akwai hanyar da irin wannan kare zai koma hannun wani mutum takamaimai, mai suna da unguwa, ba tare da mun saɓa wa addininmu ba, ba kuma tare da mun ɗauko tsarin da aljihunmu ba zai iya ɗauka ba.

A wasu ƙasashe an daɗe da mayar da wannan aiki sana'a mai zaman kanta. A Landan, wata mata mai suna Mary Tealby ta buɗe gidan ajiye ɓatattun karnuka a 1860, aka mayar da shi unguwar Battersea a 1871, kuma yana aiki har yau. Tsarinsu shi ne a ɗauko kare, likita ya duba shi, a yi masa allura da fiɗiya. Wanda yake ƙarami ko majinyaci ko mai tsananin tsoro sai a ba wani iyali su riƙe shi na ɗan lokaci har ya murmure. Daga nan a nemi gidan da zai zauna dindindin, bayan an bincika ko masu gidan za su iya. Tun 2016 ma doka ta wajabta a Ingila a sa wa kowane kare 'yar na'urar shaida a ƙarƙashin fata, wadda ke nuna mai shi. Duk wannan yana tafiya ne da gudummawar jama'a mai tarin yawa, a wurin mutanen da ke ɗaukar kare abokin zaman ɗaki. Ba na jin za a gina irin wannan gida a Kankiya ya ɗore. Kafin wata biyu ya cika, abinci ya ƙare, cuta ta shiga, a tashi da kurkukun dabbobi. Amma in aka ajiye ginin gefe, abin da ya rage a ƙarƙashinsa bai fi ƙarfinmu ba: a san mai kare, a yi wa karen allura, a hana shi haihuwa barkatai.

Kafin a yi maganar mayar da kare gida, sai an san yadda ya rabu da gidan. Binciken da aka yi a garuruwa da ƙauyukan Afirka ya sha nuna cewa mafi yawan karnukan da ke yawo a titi suna da masu su, sakinsu kawai ake yi su nemi abinci. Waɗanda ba su da kowa ɗungurungum 'yan kaɗan ne, kuma kusan dukansu daga hannun mutum suka fito.

Hanya ta farko kowa ya san ta. Yaro ɗan shekara goma ya samo kwikwiyo wajen abokinsa, ya ɗaure masa igiya a wuya, ya ɓoye shi a kango ko bayan rumbu, yana sato masa ƙanzo. Kwana uku mahaifinsa ya gano, ya ce kada ya sake ganin wannan abu a gidansa. Yaron ba shi da inda zai kai shi, sai ya kwance igiyar. Ita kuwa karya ta fi shan wuya, don ba mai son ta. Cikinta wata biyu ne kacal, ta kan zubo biyar ko shida ko fiye, a zaɓe mazan, a kwashe matan a kwali a kai bakin rafi. Yawancinsu ba sa kai wata guda. Wadda ta rayu ita ce za ta haifi karnukan jujin baɗi.

Sai na farauta. Da rani, bayan an kawar da amfanin gona, kare yana da daraja wajen 'yan farauta, ana yi masa kirari, ana ba shi kayan cikin zomo. Da ruwa ya sauka aka koma gona, ko saurayin ya tafi neman kuɗi Kano ko Legas, ko karen ya karye a daji, ko ya tsufa gudunsa ya ragu, sai ka ga an daina kiran sunansa. Ba duka mafarauta ke haka ba. Akwai dattawan maharba da za su hana kansu su ba karensu, kuma a wurinsu nake ganin rabin maganin wannan al'amari.

Hanya ta uku sabuwa ce, kuma ta fi ciwo. Hare-haren 'yan bindiga da suka addabi Matazu da Musawa da Dutsin-Ma ba su bar ƙauyukan Kankiya ba. Iyalin da suka tashi cikin dare suka shigo gari suka raɓa a gidan ɗan'uwa ba za su zo da kare ba. Makiyayin da aka kore wa shanu ba shi da garken da kare zai tsare. Karen da ya yi shekaru yana haushi don ya tashe su in baƙo ya doso, shi ake bari a kufai. Ko ya mutu, ko ya bi sawu ya shigo gari, ko ya haɗu da 'yan'uwansa su fara kama awaki.

Akwai kuma 'yan kasuwa da ke bin ƙauyukan Arewa har cikin Nijar suna sayen karnuka, a loda su a keji zuwa kasuwar Dawaki da ke ƙaramar hukumar Kanke a Jihar Filato, daga can wasu su wuce Kudu inda ake cin namansu. Wasu na ganin wannan ya rage mana kaya. Ni ban ga haka ba. Ciniki ne da ke kwasar kare daga wuri zuwa wuri ba allura ba takarda, kuma masu bincike a Najeriya sun sha samun alamar cutar hauka a ƙwaƙwalwar karnukan da aka yanka alhali a ido lafiyarsu ƙalau.

Yanzu ga inda mutane da yawa ke tsayawa. Da ka ce a tausaya wa kare, sai a ce maka najasa ne, Musulmi ba ruwansa da shi. Wannan magana tana bukatar a zauna a kanta, domin abin da ke bakin jama'a ya fi abin da ke cikin littattafan da malamanmu ke karantarwa a zaure tsanani. Mu a nan mazhabar Imamu Malik muke bi, kuma sanannen matsayin mazhabar shi ne duk mai rai tsarkakakke ne, har da kare, har da yawunsa. Wanke ƙwarya sau bakwai in kare ya yi lallagi a cikinta, a wurin Malikawa bin umarni ne na ibada, ba don yawun najasa ne ba. Shafi'awa da Hambalawa suna da wani ra'ayi dabam, kuma saɓani ne na malamai da ya kamata a girmama. Amma bai dace mutumin Kusada ya ɗauka cewa in kare ya goge shi ya fita daga tsarki ba tare da ya tambayi malaminsa ba.

Abin da aka hana a fili shi ne ajiye kare haka kawai. Hadisai ingantattu sun nuna ladan mai yin haka yana raguwa kullum, kuma mala'ikun rahama ba sa shiga ɗakin da kare yake. Amma hadisan nan su ne suka ware karen farauta da na kiwo da na gona. Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda ya rasu a 996, wadda duk almajirin da ya wuce Iziyya yake karantawa, ta kawo wannan rarrabewa. Masu sharhinta suna ba da labarin cewa shi kansa marubucin ya ajiye kare lokacin da katangar gidansa ta faɗi a zamanin tsoro, da aka tuna masa da ra'ayin Malik na ƙin ajiye kare a gida sai ya nuna cewa da Malik ya riski irin wannan zamani da ya ajiye abin da ya fi kare ban tsoro. Daga nan malamai da dama suka halatta karen gadi in akwai bukata. Wanda ke kwana a ƙauyen da ba a barci da ido biyu ya san ko akwai bukata ko babu.

Sa'an nan hana ajiyewa ba izinin azabtarwa ba ne. Buhari da Muslim sun ruwaito labarin mutumin da ya shiga rijiya ya ɗebo ruwa a huffinsa ya shayar da kare mai ƙishirwa, Allah Ya gafarta masa. Sun ruwaito irinsa game da wata mace mai zaman kanta. Sun kuma ruwaito labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare ba ci ba sha. Suratul Ma'ida ta halatta abin da horarriyar dabbar farauta ta kamo, Suratul Kahfi ta ambaci karen samarin kogo a bakin ƙofarsu. Yaran da ke bin kare da duwatsu har ya faɗi, manya na zaune a inuwa ba mai tsawatarwa, ba daga waɗannan littattafai suka koyo ba. Ko dokar Final Kod da ake aiki da irinta a Arewa ta sa cutar da dabba cikin laifuffuka.

Wanda tausayi bai motsa shi ba, to ya dubi lafiyar 'ya'yansa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar haukar kare na kashe mutum kusan 59,000 duk shekara, kashi 95 cikin ɗari a Afirka da Asiya. Kusan duka ta cizon kare ake kamuwa, kuma kusan kashi 40 cikin ɗari yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Cutar kan ɓuya a jiki wata biyu zuwa uku, wani lokaci mako guda, wani lokaci har shekara. Ciwon ya warke, kowa ya manta, sai zazzaɓi ya taso, sai a ga yaro yana firgita in an miƙo masa ruwa, maƙogwaronsa na shaƙewa. A irin wannan hali sau da yawa ana cewa iska ce. In alamu suka bayyana, kusan ba wanda ke tashi. Abin da ke ƙona rai shi ne maganin kariya ya daɗe a duniya: tun 1885 Louis Pasteur ya ceci yaro Joseph Meister da allura a Faransa, shi ya sa ake tunawa da cutar duk 28 ga Satumba, ranar da Pasteur ya rasu.

In kare ya ciji mutum, abu na farko ba neman gashin karen a ƙona a shafa ba ne, ba kuma ɗaure ciwon da tsumma ba. A wanke wurin da ruwa da sabulu na tsawon minti 15, ana zuba ruwa yana gudana, sa'an nan a nufi babban asibiti a ranar don a fara jerin allurai, a kuma cika su. Karen da ya yi cizon, in za a iya tsare shi ba tare da wani ya sake shiga haɗari ba, a tsare shi kwana 10 ana kallonsa. In yana zubar da cutar a yawunsa lokacin cizon, zai nuna alama ko ya mutu cikin waɗannan kwanaki. Wannan shi ne amfanin kare mai ubangida. Na gari kuwa, ko ya tsere ko a kashe shi a jefar, iyalin yaro su zauna cikin zullumi, ga allurar da tsada.

Me zai hana a kashe su duka a huta? An gwada. A 1910 hukumomin Istanbul sun kwashe dubun dubatan karnuka suka zube su a wani tsibiri mara ruwa suka mutu da yunwa, amma titunan birnin suka sake cika. Dalilin a bayyane yake: muddin juji da kwata suna nan da abinci, wasu karnukan za su shigo su maye gurbi, waɗanda suka tsira kuma su yi ta haihuwa. Guba ba ta tantancewa. Tana kashe karen maharbi da aka yi wa allura, ta kashe ungulu da ta ci mushen, ta kuma zauna a inda yara da kaji ke wasa. Abin da aka tabbatar yana aiki shi ne a yi wa kashi 70 cikin ɗari na karnukan yanki allura, a maimaita duk shekara. Meziko ta bi wannan hanya har Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida a 2019 cewa ta kawar da cutar da ke zuwa wa mutum daga kare. Kusa da mu, a Njamena ta Chadi, an yi gangamin allura kyauta a 2012 da 2013, aka wuce kashi 70, cutar ta ɗauke na tsawon watanni kafin karnukan waje su sake shigo da ita. A wannan birni dai an taɓa gwada karɓar kuɗi wajen masu karnuka, sai waɗanda aka yi wa allurar suka tsaya kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Darasin da ke nan na ƙananan hukumominmu ne: allurar kare ta zama kyauta, a kai ta har ƙofar mai unguwa. Ba sai an je wata ƙasa neman ta ba, Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom, wadda aka kafa a 1924, tana yin ta.

Allura kuwa ba ta samun karen da ba mai kamo shi. A nan ne maganar riƙo ta shigo, kuma ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Yadda mace ke ba maƙwabciyarta akuya kiwo, kowa ya san ta wane ce, kowa ya san a hannun wa take, haka za a iya yi da kare. Masu bukatarsa suna nan: mai lambu a bakin fadama da ɓarayi da dabbobi ke yi wa ɓarna, Bafulatanin da ke da sauran garke, maharbi, mai gadin makaranta ko gidan gona, mai gidan da ke ƙarshen gari. Waɗannan duka suna cikin abin da malamai suka halatta, kuma a wurinsu kare zai zauna a waje, inda aikinsa yake, ba a tsakar gida ba. Abin da ya ɓace shi ne mai haɗa wanda ke son rabuwa da kare da wanda ke nema. Sarkin baka da arɗo da mai unguwa sun san kowa a yankinsu. In uba ya san cewa akwai inda zai aika kwikwiyon ɗansa, in mai ƙaura ya san zai iya barin karensa amana wajen wani maharbi a Rimaye ko Kafin Soli ko Yashe, da yawa ba za su kai juji ba. Littafi guda a hannun malamin dabbobi na ƙaramar hukuma ya isa: sunan mai kare, unguwarsa, kamannin karen, ranar allura. A ɗaura masa igiya mai launi a wuya don a gane shi daga nesa.

Na fi son a bayar kyauta, kada a sayar. Malikawa sun yi saɓani kan kuɗin karen da aka halatta ajiyewa, malaminsu Sahnun ya halatta, wasu sun hana, kuma kyauta ta fitar da kowa daga saɓanin. Ta kuma rufe ƙofar da mai keji zai zo ya ce shi ma riƙo zai yi.

Sai dai riƙo yana da ƙa'ida, in ba haka ba alheri ya zama musiba. Karen da aka san gidan da ya fito, shi ne mai sauƙi: allura, maganin tsutsar ciki, maganin kaska, sai sabon gida. Kwikwiyo a bar shi wajen uwarsa mako takwas, a yi masa allurar hauka in ya kai wata uku. Wanda aka tsinta ba a san tarihinsa ba kuwa, ba aikin yara ba ne ko kaɗan. Kwana 10 ɗin nan na karen da ya yi cizo ne, ba su isa su wanke baƙon kare ba, tun da cutar na iya ɓuya watanni. Sai babban mutum da ya saba da karnuka ya tsare shi a keɓe, nesa da yara da dabbobi, bisa shawarar likitan dabbobi. A kuma sani cewa ba kowane mahaukacin kare ne ke cizo yana kumfa ba. Wani sai ya yi laushi, muƙamuƙinsa ya saki, yawu na dalala, ya kasa haɗiya. Mai tausayi sai ya ɗauka ƙashi ne ya maƙale masa, ya zura hannu a bakinsa don ya ciro. Ta haka mutane ke kamuwa. Irin wannan kare ba a taɓa shi, malamin dabbobi ake kira.

Mai riƙo ya san nauyin da ya ɗauka. Ruwa kullum a kasko, inuwa, sauran tuwo da ɗan abin da aka samo wajen mahauci. Kada a ɗaure shi a rana da guntuwar sarƙa dare da rana, domin karen da aka yi wa haka shi ne ke zama mafaɗaci. Wanda ya sha jifa kan ɗauki makonni kafin ya yarda da mutum. Ka ajiye abincin ka ja da baya, kada ka zuba masa ido, ka bar shi ya matso da kansa.

Abin da ya fi wuya shi ne haihuwa. Fiɗiye namiji aiki ne mai sauƙi ga likita, amma cire wa karya mahaifa tiyata ce da ke son ƙwararre da kayan aiki, kuma irin waɗannan likitoci sun fi yawa a manyan birane da asibitocin koyarwa kamar na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya da na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Malamai ma suna da magana kan fiɗiyar dabba, ya kamata a zauna da su a auna ta da wahalar 'yan kwikwiyon da ake zubarwa. Kafin a kai ga nan, abin da mai karya zai iya shi ne ya tsare ta na kusan mako uku lokacin da karnuka suka fara bin ta, abin da ke faruwa sau ɗaya ko biyu a shekara.

Na san za a ce mutane na kwana da yunwa, 'yan gudun hijira na raɓe a gidajen dangi, wa ke ta kare? Gaskiya ne mutum ne gaba, kuma ba na neman a ɗauki kwabo daga abincin maraya a ba kare. Amma ɗan talakan nan shi ne ke tafiya gona da ƙafa, shi ne ke tallan goro a tasha, shi ne karen gari ke cizo, kuma ubansa ne ba shi da kuɗin allura. Kuɗin yi wa kare guda rigakafi bai kama ƙafar kuɗin allurar mutum guda da aka ciza ba.

Za a samu karnukan da ba mai karɓa: wanda ya tsufa ya makance, wanda mota ta karya wa baya, wanda ya riƙa da cizo, wanda ake zargin ya haukace. Bai kamata a yaudari kai cewa kowanne zai samu gida ba. Irin waɗannan, hukuma ce za ta ɗauki nauyin kawo ƙarshensu cikin sauri ta hannun ma'aikacin dabbobi, ba taron yara da gora ba. Wanda ake zargi da hauka a aika kansa ɗakin gwaji don iyalin da aka ciza su san matsayinsu, gawar kuma a binne ta da zurfi inda wasu karnukan ba za su tono ba.